Daƙiƙa Uku

Ƙarfe biyun dare a Dalcahue,
ruwa na dukan kwanon rufi tun faɗuwar rana.
Daga ni sai kwamfutar aro, sai shayin da ya huce.
Gobe a zauren ƙungiyar masunta
za a tuna da Eleuterio, kakana,
masassaƙin jirage, shekara guda da rufe ido.

Hotuna arba'in da ɗaya na jera, kowanne da shafinsa.
Muryarsa daga tsohon kaset na kwaso ta:
minti tara, tari biyu,
da haushin wani kare da shi ma ya daɗe da mutuwa.

Amma muryar ta ƙi jiran hoto.
Ya ce guduma, allo ya nuna teku.
Ya ce teku, sai ga shi a gonar dankali
ya ci ɗamara, yana harare-harare.
Da ransa ma haka yake, ba ya jiran kowa:
ya riga mu tashi, ya riga mu isa gaɓa,
ya riga mu tafiya.

Na kama zaren sautin da linzami, na ja shi baya kaɗan.
Na ƙara wa shafi na bakwai daƙiƙa biyu,
na tara ya karkace.
Na gyara na tara, na sha biyu ya ɓalle.
Gyaran gangar Auzinawa.
Shi da ya ga jirgi na yoyo
ba ya bin ruwan, kafar yake nema.
Ni ina zan ga kafar lokaci?

Manhajar ta jefo mini tambaya:
shafi ya wuce in an danna, ko ya wuce da kansa?
Na daɗe ina kallonta.
Ranar da ya wuce, ba wanda aka tambaya.

Wajen ƙarfe huɗu komai ya hau saiti,
guduma a kan guduma, teku a kan teku,
tarin ma na ɓoye shi a ƙarƙashin hoton hazo.
Saura shafi na talatin.

Nan ya kamata Golondrina ya fito,
jirginsa shuɗi mai tabon kwalta a hanci,
shi kuma ya ce:
"Shekara arba'in a nan na dogara,
ko sau ɗaya ban nutse ba."

Jirgin ya makara da daƙiƙa uku.
Abin da ke allo sa'ad da ya faɗa,
Fresia ce, kakata, a bakin murhu,
gashi a hargitse, ludayi a hannu,
tana korar mai ɗaukar hoton.

Na san inda zan taɓa.
Lamba ɗaya ce, in goge takwas in sa biyar.
Na ɗora yatsa.

Gobe tana layin gaba, da baƙin mayafinta,
kunnen hagu ba ya ji, na dama garau.
Zan zaunar da ita ta gefen lasifika.

Na janye yatsa. Na adana.
Ruwan bai tsaya ba.