Kuɗin Riɗi

Buhu huɗu riɗi ya ba ni bana,
na kai Gujungu da hantsin rana,
na ƙirga kuɗin, na danne aljihuna,
zuciya tana ta ce min: sifika!

Sifika babba mai tsawon ƙyaure,
wadda in ta yi tsawa a zaure
awakin Talle, ko an ɗaure,
sai sun tsinke sun bar turaku.

Mamuda mai gyaran rediyo
yana can bayan 'yan kifi,
hayaƙin dalma na shigar masa ido.
Bai ɗago ba ya ce: "Inuwa,
waƙa za ka ɗauka, ko gari za ka tasa?
Sifika baki ce. Kai kunne kake nema."

Ya jawo makirufo biyu daga kwali.
"Wannan mai tsadar, kunnen zomo gare shi:
zai ji numfashinka, zai ji sauro,
zai ji kazar maƙwabta tana kyarkyara,
zai ji injin niƙan Bawale tun daga bakin rijiya.
Na 'yan birni ne, masu ƙofa biyu.
Wannan kuwa kurma ne, sai ka matso,
ba ya jin kowa sai wanda ya kai masa baki.
Ɗan ƙauye, ɗauki kurman."

Na ji haushi, amma na ɗauka.

Sai wani ɗan akwati kamar sandar sabulu,
shi ne dillali tsakanin murya da kwamfuta.
Na ce, wannan mitsitsin ne rabin buhu?
Ya ce: "Barkono ma ba girma gare shi ba."
Hedifon mai rufe kunne ruf,
kwamfuta 'yar gwanjo, harafi biyu sun fita,
da waya mai kauri. "Nan kar ka yi rowa,
mai araha zuma ce a cikin tulu,
za ta yi ta zuuu har ka tsani muryarka."

Wuta fa? Rabonmu da ita tun kafin shuka.
Janareto kuwa ba ya shiga waƙa ya yi shiru.
Buhu na uku ya tafi kan faifan sola
da batir mai nauyin dutsen niƙa.
Na dawo a bayan akori-kura,
na rungume kwali kamar jinjiri,
babu sifika, ko ta tafin hannu.

Ɗakina na kwano ne, yana mayar da magana,
ko tafi na yi, sai ya rama.
Na koma soron Kaka, mai azara,
inda damman gero ke jingine da bango.
Na rataya bargo, na tsayar da katifa,
na ɗaura tsohuwar safa a bakin rariya
don kada iskar bakina ta doki kurman.
Inna ta leƙo, ta duba rariyarta,
ta girgiza kai, ba ta ce komai ba.

Na jira lisha ta wuce,
Bawale ya kashe inji,
yaran dandali suka watse.
Na ɗauki gurmi, na danna jan maɓalli.

Da na saurara, ban gane kaina ba:
siririyar murya, tana rawa a farkon baiti,
yatsa ya zame sau biyu a kan tsirkiya.
Ba laifin kaya ba ne, sun faɗi gaskiya.
Can ƙasa, wajen ƙarshe,
kurman nan ya kama abu guda:
tarin Kaka, sau ɗaya, daga bayan labule.
Ashe tana zaune tun farko.

Mamuda ya ce ana iya gogewa.
Na bar shi.

Buhu na huɗu yana nan a rumbu,
iri ne, ba na taɓa shi.
In damina ta yi kyau, wataƙila sifika.