Ƙaramar Tanka a Rikoto

Bagudu ne ya aiko da kwalin
ta hannun direban motar Kwantagora,
da saƙo: "Baba, ka rage zaman ƙirga kaji."
Na buɗe bisa tabarma bayan la'asar.
Gutsattsarin roba, ɗari da wani abu,
launin toka, maƙale a sandunansu
kamar gyaɗa a jikin saiwa.

Shekara ashirin da biyu na yi a bariki
kwance ƙarƙashin manyan ƙarafa,
baƙin mai yana ɗiga mini a gemu.
Yau ga kakarsu duka ta iso Zuru,
ko ludayin fura ba ta cika ba.

Tun yaƙin Turawa na fari aka ƙera irinta.
Ba ta da hular nan mai juyawa a ka.
Sarƙa ce ta naɗe ta tun daga goshi har dunduniya,
gaba a ɗage, baya a zube,
kunkuru ya hango tudu yana shawara,
igwa ɗaya a kowane haƙarƙari.

Reza, hantsaki, gam mai hawa kai.
Hannun da ya taɓa kwance inji cikin duhu
yanzu rawa yake, ba kiɗa.
Altine, jikata, 'yar aji huɗu, ita ce idona.
"Kaka, ba nan ba. Lamba sha bakwai."
Saje guda ana ba shi oda,
yana cewa to.

Sarƙar ta cinye mana kwana tara,
kowace gaɓa ƙwayar shinkafa.
Sau biyu na manna ta a baibai,
sau ɗaya na manna yatsana da ita,
Altine ta yi dariya har ta sarƙe da zogale.

Takarda ta ce mutum takwas ke shiga ciki.
Na ajiye hantsaki.
Na san wannan zafi, na san hayaƙin,
na san yadda ƙarfe ke mayar wa mutum da tarinsa.
Takwas, 'ya'yan wasu,
ba wanda ya rubuta sunansu a kwali.
Da muka zo kan ƙofar gefe
takarda ta ce a rufe.
Na ƙi.
Na manna ta a buɗe, su sha iska.

Ranar Laraba igwar hagu ta suɓuce.
Kafin in sunkuya, kazar nan mai wake-wake
ta riga ni.
Muka tankaɗe ƙasar tsakar gida da rariya,
muka bi kazar da ido kwana biyu, a banza.
Altine ta karyo tsinken tsintsiya,
ta auna da farce, ta soka a ramin.
Ya zauna daram,
har ya fi ta dama miƙewa.

Fenti ya sa ta yi kyau fiye da gaskiya.
Na ɗebo jar laka daga gonata ta hanyar Dabai,
na dama, na shafa mata a sarƙa da gashin kaza,
gashin ɓarauniyar.

Manu ya zo da sandarsa da yamma,
shi da ya baro rabin jinsa a fagen daga.
Ya daɗe yana dubanta.
"Tana tafiya?"
Na ce a'a.
"Tana harbi?"
Na nuna masa tsinken.
Ya gyaɗa kai, ya nemi ruwa.

Tana bisa rediyo yanzu, kusa da taga.
Shekaranjiya na ji ƙugi siriri,
na ɗauka kunnena ne.
Ashe zanzaro ne ya ga ƙofa a buɗe,
yana shiga da laka, yana fita,
yana shiga.
Altine ta ɗauko mafici za ta kore shi.
Na ce bar shi,
wannan da izini ya zo.