Igiyar Banki

Alƙali ya raba mu cikin minti goma sha biyu.
Na duba agogo, Struan, shi ya sa na sani.
Igiyar aure ta tsinke ba ƙara,
ta banki ce ta ƙi.

Saura shekara goma sha tara.
Gida mai lamba arba'in da ɗaya,
bayan tashar jirgin ƙasa ta Paisley,
inda ruwan sama ba ya sallama.
Da biro ɗaya muka sa hannu,
kai a sama, ni a ƙasa,
kana dariya wai hannunka na rawa.

Ran Talata na je wurin matar banki,
takardun albashina cikin leda don kar su jiƙe.
Ta danna, ta danna, ta gyara zaman tabarau.
Ta ce albashin ma'aikaciyar jinya shi kaɗai
ba zai ɗauki gidan nan ba.
Na ce ai ni ke ɗauke da shi,
ni ke tara bokiti ƙarƙashin yoyon ɗakin sama.
Ta ce ta gane.
Ba ta gane ba.
Sunanka ya zauna daram a gefen nawa
kamar baƙon da ba ya ganin hammar masu gida.

A sayar?
Dillali ya zo da takalmi mai sheƙi,
ya ƙwanƙwasa bango, ya shinshina danshi,
ya faɗi farashin da bai kai bashin ba.
Mu rasa rufi, mu ci gaba da biya?
Na raka shi ƙofa.

To, duk ɗaya ga wata
fam ɗari bakwai da arba'in ke fita,
rabi naka, rabi nawa.
Ba ma waya, lauya ya ce hakan ya fi.
Sai dai akwai ɗan gurbi wajen tura kuɗi,
harafi goma sha takwas kacal,
inda mutum ke rubuta dalili.

Janairu ka ce: rabona.
Fabrairu: rabona.
Maris: rabona da na rufi,
da ƙarin fam sittin da ban roƙa ba.
Afrilu ka ce: ya kare?
Na kife wayar a kan tebur.
Karen na kwance bisa tsohuwar rigar sanyinka,
shi ba wanda ya gaya masa an raba kaya.

Mayu, shiru.
Banki bai san rabi ba,
wasiƙarsa ta ce kowannenmu na ɗauke da duka.
Na yi aikin dare huɗu a jere,
ina juya tsofaffi a gado, ina wasa harshena,
na jera maka zagi kamar kwanukan kanta,
babba a ƙasa, ƙarami a sama.
Sai Catriona ta dawo daga wurinka ran Lahadi,
tana cire takalmi take faɗa:
an rufe sashenku a tashar jiragen ruwan Greenock,
kuma firjin Baba ba komai
sai madara da rabin albasa.
Zagin ya huce a bakina
kamar shayin da aka manta a taga.

Yuni kuɗi suka shigo, na wata biyu.
Ka ce: na sayar da babur.
Babur ɗin nan, ja,
da muka kwana uku ba ma magana a kansa.

Kar ka ɗauka so ne.
Abin da ya mutu na ga gawarsa, na yi masa wanka.
Amma a jikin ƙofar kicin
akwai zanen fensir na tsawon Catriona,
wasu da rubutunka, wasu da nawa,
kuma ranar da bashin nan zai ƙare
ina da sittin da uku,
ita ta wuce shekarun da nake da su ranar biron.

Daren jiya, bayan na zubar da bokiti,
na tura maka fam ɗaya,
don gurbin kawai.
Na rubuta: kare na lafiya.
Saura harafi huɗu.
Na daɗe ina kallonsu
kafin na danna.