Gwangwanin Asabar

Gwangwanin madarar Inna ne.
Na wanke shi, na tsaga murfin da wuƙa,
na rataye shi a ƙusa bayan shagon tela Mutawakilu,
inda kwatar Aboabo take karya kwana.
Na ce duk mai tambayar da ta fi ƙarfin baki
ya rubuta ya jefa. Ban da suna.

Makon fari na tarar da ɓawon gyaɗa,
da murfin kwalba, da zagi ɗaya mai kyan rubutu.
Mako na uku sai da gwiwa na danne murfin.

Asabar bayan la'asar muke buɗewa.
Samari a kan benci, ataya na tafasa,
'yan mata a jikin bango,
kowacce wai aike ne ya biyo da ita ta nan.

"Sauro yana ɗauko ƙanjamau?"
A'a, zazzaɓinsa ya ishe shi kaya.
"In mun sha koko a kofi ɗaya fa?"
Sha abinka, ka haɗa da ƙosai.
"Askar wanzami?"
A ɓare sabuwa a gabanka, ko ka tashi da sumarka.
Dariya ta kai bakin titi.

"Ya ce in dai ina son sa, me na kwaroron roba?"
Nan dariya ta nemi wurin zama.
Na ce ke da kika rubuto, ban san ki ba,
amma son da ke fushi da lafiyarki
bashi ne, ke za a bari da biya.
Ki ce a'a. Ba sai kin ƙara mata gishiri ba.

Hajiya Barikisu mai wake da shinkafa
ta ce ina buɗe wa yara ido.
Na ce Hajiya, ba ni na rubuta ba,
a cikin gwangwani na same su, idonsu a buɗe,
fitila ce babu.
Ba ta amsa ba. Ta dai ƙara mini taliya.

Sai ran da aka yi ruwa tun hantsi,
takardu suka jiƙe suka manne da juna.
Na ɓanɓaro wata, gefen littafin lissafi ce:
"Sau ɗaya ne kawai. Wata huɗu ba na barci.
Ana ganewa a fuska?"

Na san wannan ƙ mai lanƙwasa baya.
Ni na riƙe hannun da ya fara zana ta,
a tsakar gidanmu, da gawayi.
Muntari. Sha shida bai cika ba.
Ga shi can ƙarshen benci yana gyara igiyar takalmi
wadda ba ta kwance ba.

Harshena ya yi nauyin dutsen niƙa.
Shekara biyu ina wa'azin kada a ji kunya,
yau ga kunya ta zo gida ta yi sallama.

Na kalli kwano mai yoyo, na ce:
ba a ganewa a fuska, jini ake tambaya,
ɗigo ɗaya a ɗan yatsa.
In babu, ka koma barcinka ka kiyaye.
In akwai, akwai magani kullum,
ana girma da shi, ana aure, ana furfura.
Mai ɓoye ciwo shi ciwo ke ɓoyewa.
Litinin ni ma zan je a gwada ni,
ƙarfe bakwai, tashar Asawase.

Da dare mun ci tuwo kwano ɗaya,
ba wanda ya ce uffan, sai Inna da labarin tsadar gawayi.

Litinin motar Kejetia ta cika ta tashi,
ta biyu ma haka.
Yaron mota na buga ƙofar ta uku
na ji an ja mini gefen mayafi:
"Yaya, kuɗin motata bai kai ba."

Na ce shiga. Na biya na biyu.