Tufka da Warwara

Ƙarfe goma a asibitin Katsina,
ma'aikaciya ta rataye leda a ƙugiya,
ruwan cikinta ja wur kamar zoɓo,
yana ɗiga, ɗis, ɗis, zuwa jijiyar Gwaggo Yelwa.
Ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi karatun,
ina jan ruwan nan yake dosa?"

Sai na tuna Baba Sanda a Ƙofar Guga,
rama a cinya, ya tofa yawu a tafi,
yana murza sili biyu su rungumi juna
har su isa ɗaukar guga daga rijiya.

Gwaggo, a kowace ƙwayar jikinki
akwai igiya irin tasa, sili biyu a murɗe,
siririyar da ido bai taɓa kamawa ba,
da matakai a tsakani kamar tsani.
A nan aka rubuta tsayinki, da wushiryar nan taki.
Ciwon kuwa magatakarda ne marar barci,
kwafa yake, kwafa yake, ba ya jin "ya isa."

Shi jan maganin ɗan mitsitsi ne,
shimfiɗaɗɗe kamar tsohon kwabo.
Ba ya zuwa da wuƙa.
Kutsawa yake tsakanin mataki da mataki,
kamar wanda ya makara ya tarar sahu ya cika:
kafaɗa ta matsa, kafaɗa ta matsa,
sahu ya ƙara tsawo, murɗin ya saki.
Wani magani kwanciya yake a kwarin igiyar
kamar ruwan sama tsakanin kunya da kunya.
Wani ya damƙi matakai biyu ya lanƙwashe.
Magatakarda ya iso, ya ga layi ya karkace,
alƙalaminsa ya tsaya cak.

Ta shafa kanta, inda kitso yake a da.
"To, gashina me ya yi masa?"
Na haɗiyi yawu.
Ba ya tambayar gidan wane ne, Gwaggo,
duk inda ake sauri, nan yake sauka.

Ta dubi ledar, saura kaɗan.
"Wato Sanda ya shekara arba'in yana tufka,
ku kuka je makaranta kuka koyo warwara."
Ta yi dariya har bututun ya yi rawa,
ma'aikaciya ta leƙo ta labule.

Na gyara mata ɗankwali.
Ɗis. Ɗis.