Fatsar Farko a Dam ɗin Usuma

Mu shida a kwalekwalen Ɗanlami,
rigar ruwa ta shaƙe ni har wuya.
Talatu ta ce ba ta iya iyo ba,
ya ce, "Zauna tsakiya, kar ki juya."

Tanar da na soke a ƙugiya ta sulale.
Kunun safe ya fara neman hanya.

Awa uku, shiru.
Duwatsun Ushafa sun zuba mana ido.
Sai igiyar Bulus ta motsa,
muka miƙe gaba ɗaya,
jirgi ya karkata, Ɗanlami ya daka tsawa.

Karfasa guda, ko tafin hannu ba ta cika ba.
Duk muka yi hoto da ita.

A Dutsen Alhaji kowa ya sayi ɗanyar tarwaɗa.
A gida ba wanda ya faɗi kuɗinta.