Wa'adin Saƙo

A tsibiran kudancin Chile ruwan sama ba ya sallama,
kuma babu hasumiyar waya ko ta magani.
Sai teku, sai tumaki, sai cocin katako
da gansakuka ta ci wa gindi.

Nan na sauka da akwatuna goma sha bakwai,
kowanne bai fi sandar sabulu ba.
Na ɗaure su a jiragen masunta,
ɗaya a kwale-kwalen malamar jinya,
ɗaya a rufin makarantar da ɗalibanta tara ne.
Na hore su da abu guda:
in an ba ka saƙo ka riƙe,
in ka gamu da ɗan'uwanka a ruwa ka miƙa,
shi ma ya miƙa gaba.
Sannu ba ta hana zuwa.

A cikinsu na zaunar da dillali,
manhajar da na yi shekara uku ina sassaƙa.
Ba ya saye, ba ya sayarwa.
Shi ke jin yaren tsohuwar waya mai fasasshen gilashi,
ya ji na ma'aunin igiyar ruwa,
ya san wanda batirinsa ke shure-shuren mutuwa,
ya ce wane ka fara, wane dakata,
maganar ciwo ta riga farashin kifi wucewa.

A jami'a lissafi suke so.
Na ba su: cikin ɗari, casa'in da ɗaya na isa,
jinkiri awa goma sha ɗaya, in iska ta yi hali.
Suka gyaɗa kai.

Sai akwati na shida ya yi shiru.
Jirgin Eladio Chiguay ne, dutse ya huda cikinsa,
aka ja shi kan yashi, aka kife,
wata huɗu yana jiran katako da kuɗi.
Na rubuta a littafina: ya ɓace.

Ran da aka mai da shi ruwa, injin ya yi tari ya tashi,
akwatin ya farka kamar jiya ya kwanta.
Ya hangi jirgin fito, ya miƙa abin da ke hannunsa.
Kafin la'asar wayar Edelmira ta yi ƙara
tana tsaka da ferar dankali.

Muryar Baldovino ce, mijinta,
wanda aka binne tun watan Yuni.
Daƙiƙa goma sha huɗu.
Yana cewa ta shigo da itace kafin ruwa ya sauko,
kuma takalmin robarsa na hagu ya sake yoyo.
Daga nan tari, sai kukan tsuntsun teku.

Na hau jirgin safe da kunya a baki.
Laifina ne, na ce, akwai gurbin da na manta,
inda ake yanka wa saƙo wa'adi:
in ya kwana kaza bai isa ba, a shafe.
Layi ɗaya ne, yau zan gyara.

Ba ta dube ni ba. Ta zuba mini shayi,
ta tura itace cikin murhun ƙarfe.
Ximena, ta ce, kwana nawa za ki ba shi?
Na ce bakwai ake sawa galibi.
Ta ce wa ya ƙirga?

Takalmin na nan bayan ƙofa.
Ta liƙe hudar da faci, aikin bai ma bushe ba.

Yau dare na uku ke nan.
Janareta na kaɗa tagar ɗakin da na kama haya,
rahoto na jira, an ce Litinin.
Na san abin da ke biyo baya in ba a shafewa:
rumbu ya cika, sabon saƙo ya rasa wurin kwana,
wataƙila na mai naƙuda.
Na san wannan sarai.

Gurbin yana nan a allo, yana ƙifta mini ido.
Na buga bakwai.
Na goge.
Can cikin duhu jirage biyu na gilma wa juna,
ba wanda ya ɗaga hannu,
akwatunan ne kawai ke tambaya:
me ka riƙo, na wane ne, tun yaushe?